Daɓen Gwaggo

Gwaggo, yayar mahaifina, ta rasu ranar Laraba ta ƙarshe a watan Rajab, jim kaɗan bayan sallar azahar, a ɗakinta da ke gidanmu na gado, a wani ƙauye da ke gefen hanyar Sakajiki. Mutum uku ne a wurin: Baffa, ƙanenta, wanda shi ne maigida tun bayan rasuwar mahaifina, surukar Baffa, wato matar babban ɗansa, wadda ta yi jinyarta, da wata tsohuwa maƙwabciya da ta shigo aron rariya ta tarar rai yana fita. An kai ta makwancinta kafin magariba. Ni ban samu ganin gawarta ba. Labari ya same ni a Gusau da yamma, kuma ba a bin hanyar Ƙaura da yamma, sai washegari na iso.

Na tarar da tsakar gida cike da mata. Na gaisa da kowa, na samu gefen tabarma na zauna.

"Allah shi jiƙan ta," in ji wata dattijuwa. "Ɗakin aurena ita tay yi mishi ƙasa. Duk ɗiyana ciki na haihe su, har yau ko tsaga bai yi ba."

"Naki tsohon daɓe na, na jan marmara," wata ta amsa mata. "Ba shi ake magana ba."

Ana cikin haka wata matashiya daga gidan bayan masallaci ta shigo. Ba ta ƙaraso tabarma ba. Ta tsaya a bakin zaure ta ce, "Allah shi gahwarta mata," ta juya. An miƙa mata ruwa ba ta karɓa ba. Babu wadda ta tambayi dalili, domin kowa ya san ta binne ɗa namiji shekarun baya.

Wata tsohuwa mai goro a baki ta ce, "Ni dai nau daɓen shina nan. Ta zo min da gatari, nic ce ta koma inda ta hito. Ruɗin tsuhwa na, ba komi ba."

"Haba Inna, ko kwana biyu ba ta yi cikin ƙasa ba."

"To ƙarya niy yi?"

Baƙon da ya ji waɗannan maganganu zai ɗauka mata biyu aka rasa a gidan. Mace ɗaya ce. Ina rubuta wannan ne don kada a tuna da rabinta a manta da rabi, kuma don abin da ta yi wa wata yarinya ƙarama da aka sa wa sunanta.

Ga wanda ya tashi a kan siminti, daɓe shi ne yadda ake yi wa ɗaki ƙasa. Ana zuba marmara a baje, a yayyafa ruwa, mata su durƙusa a jere da madaɓai su yi ta bugu har ƙasa ta kwanta, sannan a shafe ta da ruwan makuba, wato jiƙon ɓawon ɗorawa. Aikin gayya ne, ana yinsa da waƙa da tsiya da fura. Kowace mace ta iya riƙe madaɓi, amma ba kowa ta san yawan ruwan da ƙasa take so ba, ko lokacin da za a daina bugu. Gwaggo ta sani. Ta yi aure a ƙasar Zurmi, mijinta ya rasu, 'ya'yanta ba su rayu ba, ta dawo gidan ubanta da madaɓinta a cikin kaya. Daga nan ake zuwa ɗaukarta har Badarawa, har Katuru, duk lokacin da za a kai amarya gidan masu hali.

Ba ta shiga ɗakin mace ta fara da gaisuwa. "Tashi in diba ƙasa," shi ne sallamarta. Za ta ɗaga tabarma, ta buga dunduniya, ta karkata kai tana sauraro. In ta ji holoƙo sai ta ce, "Wa yay yi miki wanga? Gaya min in tahi in yi mata ta'aziyyar hannunta." Ranar da ta fara zuwa ɗakin hayata a Gusau haka ta ɗaga min leda ta buga siminti da ƙafa, ta ce ba mamaki mutanen birni suke fama da ciwon ƙafa, a kan dutse suke kwana.

Tana da kaifin baki, wannan ba wanda zai musa. Amma marainiya ba ta taɓa shiga ɗakin aure a ƙauyenmu ba tare da daɓe ba. Gwaggo za ta zo da marmararta da makubarta ta ce ragowa ce daga wani aiki, za ta lalace in an bar ta. Kowa ya san ba ragowa ba ce.

Sai shekarun da samari suka koma haƙar zinari. Babban ɗan Baffa yana cikinsu. Suna tafiya kudu su yi makonni, su dawo da buhunan dutse a kan babur, saboda sarrafa shi a gida ya fi kwanciyar hankali a kan sarrafa shi a daji. A bayan gidanmu ake farfasa shi, a kai inji a niƙa, a wanke a cikin daro. Abin da ya rage bayan wanki sai a tara shi a jikin katanga: wata ƙasa mai ruwan toka, laushinta kamar garin tuwo, tana ɗan ƙyalli in rana ta buge ta.

Gwaggo ta murza ta tsakanin yatsu. Ta gwada a kusurwar madafi. Da ta bushe sai ta fito sumul, ba ta tsagewa, tsintsiya tana gudu a kanta. Daga ranar ta riƙa shimfiɗa ta a saman marmara kafin bugun ƙarshe. Mata suka sa mata suna simintin Gwaggo, kowace amarya shi take so. Ɗakin da ta fara yi wa shi gaba ɗaya shi ne na amaryar ɗan Baffa, kuma da yake ɗakin gida ne, ta zuba ba ƙyashi.

A wannan ɗaki aka haifi 'ya'ya biyu. Na farko namiji ne. Ya yi rarrafe, ya fara tafiya, sai amai da kuka suka kama shi. Wata damina ya yi jijjiga, ya sake yi, ya tafi. Aka ce zazzaɓin cizon sauro ne ya hau masa kai. Yana iya yiwuwa. Ba a auna jininsa ba, don haka ni ba zan iya cewa ga abin da ya kashe shi ba.

Ta biyun mace ce, aka sa mata sunan Gwaggo. Da yake ba a kiran sunan babba a gida, sai ake ce mata Takwara.

Kafin Takwara ta fara rarrafe an daina kawo dutse gida. Gwamnati ta hana haƙa, tsibin da ke jikin katanga ya ƙare, uban yarinyar ya haura Nijar neman wata haƙar, sai dai a ji shi a waya. Duk da haka yarinyar ta kusa shekara biyu ba ta tsayawa da ƙafarta. Ba ta cin abinci, cikinta yana ɗaurewa, wani lokaci ta kafe ido a wuri ɗaya sai an girgiza ta. Uwarta ta ga wannan hanya a baya, ta san inda ta ɓulle. Ta ji a rediyo cewa dutsen zinari yana ɗauke da dalma, cewa ƙurarsa tana shiga jikin yaro ta hannu da baki, kuma ba a gane ta da ido sai an auna jini. Ta ji kuma cewa wasu ma'aikatan lafiya sun sauka a Ƙaura da na'urar awo. Ta roƙi Baffa ya bari a kai yarinyar. Baffa ya ce a'a. Ya ce duk wanda ya kai ɗa awo ya faɗa wa hukuma ke nan cewa an niƙa dutse a gidansa.

Gwaggo bayan ƙanenta ta bi. "Ƙasa?" ta ce. "Da ƙasa anka yi mu, cikinta za mu koma. Mu ɗin ga da munka ci ƙasa muna ƙanana, mutuwa munka yi? Haƙora na, ki ba ta jiƙo."

Uwar ba ta yi gardama ba. Sai ta daina cin abinci ita ma, ta zauna a bakin ƙofa da yarinyar a cinya. Gwaggo ba ta iya jure ganin mutum zaune shiru.

"Ke, ba ni ta nan," ta ce mata wata safiya. "In kai ta su soke ta da allura, ki huta, mu huta."

Ta goya Takwara, ta gaya wa Baffa za ta Ƙaura a duba mata gwiwa. Gwiwar kuwa tana ciwo da gaske. Tsohuwa irinta ba a tambayarta izinin fita.

Abin da ya faru a Ƙaura na ji shi daga bakin Gwaggo, na kuma ji daga bakin ma'aikaciyar jinyar da ta karɓe su, wata Kirista 'yar kudancin Kaduna da ta daɗe tana aiki a garin, kowa Sista yake ce mata. Maganarsu ta zo ɗaya.

Sista ta fara da wanke hannun yarinyar da sabulu. Ta ɗauraye, ta sake wankewa.

"Ke baiwar Allah," in ji Gwaggo, "ƙazamai kika ɗauke mu? Ni da kaina niy yi mata wanka."

"Mama, ba haka ba ne. In akwai ƙura a yatsa, ƙurar na'ura za ta auna, ba jini ba."

Ta soki yatsa ta ɗauki ɗigo ɗaya. Na'urar ba ta nuna lamba ba. Abin da ke jinin ya wuce iyakar da take iya aunawa. Sista ta ɗebi wani jinin daga jijiya don a aika Gusau, sannan ta jawo kujera ta zauna daf da Gwaggo.

"Mama, ana niƙa dutse a gidanku?"

"An bari tuni. Tun kahin ta yi rarrahe."

"Tana fita wasa bayan gida?"

"Wagga? Ina ta ga ƙahwar hita? Kullum tana ɗaki."

"Ɗakin siminti ne ko ƙasa?"

Nan Gwaggo ta gyara zama. An taɓo abin da ta sani. Ta ce ɗakin ya fi siminti, ta ce ita ta yi shi da hannunta, ta shiga bayanin yadda ake shimfiɗa marmara, da yadda ake kawo ƙasar wankin zinari a baje a sama, kauri kamar yatsa biyu. Sista ta ce ba ta katse ta ba, don ba ta san ta inda za ta fara ba. Gwaggo ce da kanta ta tsaya a tsakiyar magana, da ta ga fuskar matar.

"Mi?" ta ce.

"Mama, ɗakuna nawa kika yi wa haka?"

Gwaggo ta ɗauki yarinyar ta goya. Sai da ta kai ƙofa ta juyo ta ce, "Wanta ma can yay yi rarrahe." Ba tambaya ta yi ba. Abin da Sista ta gaya mata shi ne akwai magani, amma ba shi da amfani in yarinya za ta koma ta zauna a kan abin da ya sa mata ciwon. Sai an fitar da ita daga ɗakin, an fasa ƙasar, an kwashe. A jiƙa ta sosai kafin a taɓa, kada ƙura ta tashi. A kawar da yara da masu ciki. A binne ta nesa da rijiya, nesa da gona.

A ranar Gwaggo ta tura uwar da 'yarta gidan iyayen uwar. Sannan ta samu Baffa a zaure. Ban taɓa jin sun yi faɗa irin na wannan rana ba, kuma Baffa da kansa ya ba ni labari, bai rage wa kansa komai ba.

"Yaya, ba a haƙa ɗaki cikin gidan ga," ya ce.

"Kai za ka hana?"

"Ki yi tunani. Kowa ya san an wanke zinari nan. In anka ga ana tone ɗaki, mi za a ce? Za a ce abin da munka binne muke ɗebowa. Kahin dare magana ta kai daji. Ki gaya min wa za su ɗauka, ni ko ke ko matan gida?"

Baffa ba mugunta yake yi ba. A shekarun nan 'yan bindigar daji sun ɗauke mutane a ƙauyukanmu a kan zancen da bai kai wannan ba. Gwaggo ma ta san haka.

"To in kowa ya san abin da ake tonewa hwa?" ta ce.

"Wa za shi gaya musu?"

"Wadda taz zuba shi."

"Yaya, akwai waɗanda sunka binne ɗiya. In kinka hwaɗi haka da bakinki, ina za ki sa kanki garin ga?"

"Na yi ma goyo kana zawo bisa bayana, yau kai ka koya min inda zan sa kaina? Tashi ka ara min gatari."

Washegari ta bi gida gida tana kiran gayya, kamar yadda ta saba yi in za a yi daɓe. Sai dai wannan karon a kowace ƙofa takan tsaya ta faɗa da ƙarfi, yadda na cikin zaure ma zai ji: ƙasar da ta zuba wa ɗakuna guba ce, an auna jinin takwararta an gani, gobe za ta fasa na gidansu, duk wadda aka yi wa irinsa ta kai 'ya'yanta Ƙaura a auna. Wasu sun yi salati. Wasu sun ce ta haukace. Matashiyar nan ta bayan masallaci ta saurare ta har ƙarshe, ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa, ba ta sake yi mata magana ba har Gwaggo ta bar duniya.

Gayyar daɓe takan cika tsakar gida. Wannan kuwa, tsofaffi huɗu suka zo. Babu waƙa, babu fura.

Daɓen ya ƙi fasuwa. Sun kwara masa ruwa tun asuba, ruwa ya kwanta a kai bai shiga ba. Gatari yana sauka yana tsalle. Ɗaya daga cikin tsofaffin ta zauna tana haki ta ce, "Ke ma dai, da kin yi ha'inci ko kaɗan." Gwaggo ta yi dariya, ita ce kawai dariyar da aka ji a aikin. Sai da ta samo bakin daɓen daga jikin bango, ta riƙa ɓamɓaro shi falle falle, a durƙushe a kan gwiwar da take ciwo. Sun yi kwanaki. Ta hana a zuba shi a buhu. A buɗaɗɗen daro suka riƙa ɗauka a ka, jiƙe sharkaf, da rana tsaka, ta tsakiyar gari, don duk mai ido ya ga ɓaraguzai ne. Suka kai wani tsohon rami can bayan maƙabarta, samari suka rufe da jar ƙasa. Ba wanda ya zo daga daji.

Baffa bai ɗaga gatari ba, bai kuma sake hanawa ba. Ranar kasuwa ya ja ragonsa zuwa Ƙaura, ya dawo da siminti a bayan babur, ya ajiye a ƙofar ɗakin. Gwaggo ta dube shi, ta dubi buhun.

"Ko ke za ki yi mishi na marmara?" ya tambaya.

"A sa mishi siminti," ta ce.

Ba ta sake yin daɓe ba. An zo ɗaukarta daga Badarawa ta ce a gaya musu ta tsufa.

Sakamakon Gusau ya tabbatar da na Ƙaura. Da simintin ɗakin ya bushe uwar ta dawo da 'yarta gida, aka fara ba Takwara magani, ƙwayar da ake buɗewa a zuba a kunu. Gwaggo ba ta yarda kowa ya ba ta ba sai ita. Takan ɗora ta a cinya ta ce, "Sha, mai sunan banza. Ni da ke duk mun sha ƙasa." Kafin kowane cin abinci sai ta wanke hannun yarinyar da sabulu, ta ɗauraye, ta sake wankewa, har matan gida suka fara ce mata Sista.

Sauran ƙarfinta a kan ɗakunan mutane ya ƙare. Tana tuna kowanne da ta zuba wa wannan ƙasa, tana zuwa da gatarinta. Wasu sun bari an fasa, sun kai yara awo, an samu masu buƙatar magani a cikinsu. Wasu sun shimfiɗa leda a kai sun ce ya isa. Da yawa sun kore ta, musamman inda maza suka ji tsoron abin da Baffa ya ji tsoro. Akwai ɗakunan Katuru da ba ta iya kaiwa ba saboda hanya; ta yi ta aika saƙo da masu zuwa kasuwar Shinkafi, ba mu san ko ya isa ba. Ba ta taɓa zama tana kuka a gaban mutane ba, ba ta kuma roƙi kowa gafara da baki ba. In an ce mata ai ba da sani ta yi ba, sai ta ce, "Ƙasa ba ta tambaya ko ka sani."

Daga baya ciwon ciki ya kama ta, hannunta na dama ya saki har ba ta iya riƙe moɗa. Surukar Baffa ta ce a kai ta a auna ta ita ma. Gwaggo ta ce na'urar ta yara ce, kada a ɓata musu allura a kan tsohuwa. Ba a auna ta ba. Wasu suna cewa aikin fasa ɗakuna ne ya ci ta, wasu suna cewa shekaru ne. Wannan surukar da ta rasa ɗanta na fari a kan wancan daɓe ita ce ta yi ta juya ta, ta wanke ta, ta ba ta kunu a baki har ranar Larabar.

Allah ya san abin da ta sani da abin da ba ta sani ba. Muna roƙonsa ya auna ta da niyyarta, ya sassauta mata ƙasar da take kwance a ciki, ya ba iyayen da suka binne 'ya'yansu haƙurin da ba mu da ikon nema daga gare su.

Bayan sadakar arba'in Baffa da kansa ya ɗauki Takwara a babur ya kai ta Ƙaura aka sake auna ta. Wannan karon na'urar ta nuna lamba. Sista ta ce dalmar ta ragu sosai, amma a dawo da ita bayan damina. Yarinyar tana tafiya yanzu, tana cin abinci. Ta shiga shekara ta huɗu, ba ta fara magana ba.